Gansakukar da aka gani a ruwan Toro: yadda ake tabbatar da suna kafin a rubuta

Tambayar ta wani ɗalibi ce ɗan ajin ƙarshe a fannin kimiyyar halittu a nan Bauchi. Ya ce a watan Oktoba ya ɗebo ruwa daga wani tsohon ramin haƙar kuza a ƙasar Toro saboda furojet ɗinsa. Da ya ɗiga a gilashi ya sa a maikiroskof sai ya ga wata halitta koriya shar, shimfiɗaɗɗiya, mai siffar tauraro, an tsage ta a tsakiya gida biyu. Rabi ɗaya babba ne mai rassa da haƙora, ɗaya rabin kuma ƙarami ne sumul. Ya ɗauki hoto da waya ya bincika a intanet, sai ya tarar ta fi kama da wata gansakuka da aka ce a Sudan aka gano ta kuma ba a cika samun ta ba. Guda ɗaya tak ya gani, kuma ya riga ya zuba wa ruwan fomalin, maganin da ke kashe halitta ya hana ta ruɓewa. Yana so ya san ko ya sa wannan suna a furojet.

Ƙanena, dakata tukuna, kada ka rubuta. Ba ina nufin idonka ya yaudare ka ba ne. Bayanin da ka yi ma ya nuna ka kalli abin da kyau, domin da shi kaɗai zan iya gaya maka dangin da take. Koriyar gansakuka mai ƙwaya ɗaya da aka matse ƙugunta ta rabu gida biyu, desmid ce. Idan kuma shimfiɗaɗɗiya ce mai tsagogi masu zurfi da suka fitar da rassa, to kusan tabbas jinsin Micrasterias ce. Abu ɗaya da ke rikita masu koyo a nan shi ne Pediastrum, wadda ita ma tauraro ce, amma ita ƙwayoyi ne da yawa suka haɗu, 8 ko 16 ko 32, kana ganin bangon da ya raba kowace da 'yar'uwarta, kuma ba ta da ƙugu. In kana so ka ƙara natsuwa cewa cikin koren dangi take, ɗiga mata ruwan aidin. Koriyar gansakuka sitaci take ajiyewa, saboda haka za ka ga ɗigo-ɗigo a cikinta sun koma baƙi-baƙi mai shuɗi. Euglena, wadda ita ma koriya ce a ido, ba ta yin haka, domin abincin da take tarawa ba sitaci ba ne.

Jinsi ke nan, kuma shi ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen sunan nau'i, kuma abin da ya fi ba ka sha'awa, wato rashin daidaiton rabin nan biyu, shi ne ya fi sa ni shakka.

Ka san yadda desmid ke hayayyafa? Cibiyar ƙwayar tana zaune ne a daidai ƙugun nan. Idan lokacin rabuwa ya yi, sai cibiyar ta kasu biyu, bango ya gitta a tsakiya, kowane tsohon rabi ya fara huro sabon rabi daga wurin da aka yanke. Sabon yana fitowa ne a matsayin ɗan ƙullutu mai laushi, fari-fari, babu reshe babu haƙori. Sai ya riƙa kumbura, ya fara lotsawa a wasu wurare ya fitar da rassa uku, su zama biyar, kowanne ya sake tsagewa, koren ya malalo daga tsohon rabin ya cika shi, a ƙarshe haƙoran baki su fito bango ya yi kauri. Duk wannan cikin 'yan sa'o'i ake gama shi. Ma'ana, kowace desmid da ka taɓa gani rabinta ɗaya ya girmi ɗayan. Wanda ya zuba fomalin ana tsakiyar wannan aiki, ya tsayar da ita ke nan a yadda take: babban rabi mai haƙora, ƙaramin rabi sumul. Daidai abin da ka kwatanta. Har ila yau idan yanayin ruwa ya canza farat ɗaya, misali ta kwana cikin gora a rufe a cikin zafin mota daga Toro zuwa Bauchi, sabon rabin yakan tsaya bai kammala ba, ko ya fito da wata siffa dabam da ta tsohon. Tsofaffin littattafai cike suke da sunayen da aka raɗa wa irin waɗannan naƙasassun ƙwayoyi, daga baya aka gane nau'i ɗaya ne aka soke su.

Ita wadda ka gani a intanet ba ƙarya ba ce. A 1958 masana uku, Grönblad da Prowse da Scott, sun wallafa bincike kan desmid na Sudan, ciki har da na tafkin Ambadi da ke yankin Bahr el Ghazal, a Sudan ta Kudu ta yau. Cikin abin da suka bayyana akwai Micrasterias sudanensis da Micrasterias incredibilis, waɗanda da gaske rabinsu biyu ba sa daidaita, haka halittarsu take. Bambancin shi ne a wurinsu rabi biyun duk sun kammala, bangonsu ya yi kauri, ƙayoyinsu sun fito, tsarin ne kawai ya sha bamban. Kuma idan ka sami ashirin, duka ashirin ɗin iri ɗaya za su karkace. A ƙwayar da ba ta gama girma ba kuwa, ƙaramin rabin bangonsa siriri ne, launinsa ya kode, bakinsa a dunƙule, kuma 'yan'uwanta da ke cikin ruwan ɗaya za ka same su daidai wa daida. Ka ga ke nan da ƙwaya ɗaya babu yadda za a yi a raba gardama. Kama da wane ba ta wane, balle kamar da waya ta zaɓo maka daga hoton da aka ɗauka a ƙaramin ƙarfin madubi.

Saboda haka abu na farko shi ne ka koma ramin nan, kuma kada ka ɗebo kamar yadda ka yi da farko. Yawancin ɗalibai gora suke tsomawa a saman ruwa su cika su taho, shi ya sa suke samun ƙwaya ɗaya a gilashi goma. Desmid da yawa ba masu yawo a sararin ruwa ba ne, suna maƙale ne a jikin ciyayin da suka nutse da kuma saman laɓon gefe. Ka nemi ciyawar ruwa mai ganye siri-siri, musamman Utricularia, wadda za ka gane ta da 'yan ƙananan jakunkuna a jikin ganyen da fure rawaya da ke leƙowa sama. Ɗebi cike da hannu, bari ruwan ya ɗan tsane, sannan ka matse ta sosai a cikin kofi. Ruwan da zai fito mai kauri, kore-kore ko ruwan ƙasa, shi ne abin nema. Ka kankare ƙarƙashin ganyen bado da karansa, ka kuma zuƙo ɗan saman laɓo da sirinji a inda ruwa bai wuce idon sawu ba. Idan sashenku yana da ragar tace ruwa mai ƙofofi maikiromita 20 (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) ka haɗa da ita, amma matsar ciyawa ta fi ta amfani a wannan aiki. Ka sa safar hannu da takalmin roba. Ruwan kwance mai ciyayi shi ne gidan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya, kuma ramukan kuza suna da zurfin da ba a gani daga baki, kada ka je kai kaɗai.

Tun a wurin ka auna ruwan, ko da da takardar gwajin pH ce, wato ma'aunin tsamin ruwa, in da hali kuma da na'urar auna yawan gishirin da ya narke. Wannan ba cika takarda ba ne, shaida ce. Manyan desmid masu ado irin Micrasterias sun fi son ruwa mai laushi, mai ɗan tsami, pH tsakanin 5 da 7, wanda taki bai gurɓata ba. Wannan ne ma ya sa ban yi mamakin samun ta a Toro ba, ƙasar duwatsu ce da ke jingine da tsaunukan Filato, ruwan sama da ya taru a kan irin wannan dutse ba ya ɗaukar gishiri da yawa. Da ce mini ka yi a wani kududdufi kusa da Ashaka ka same ta, inda farar ƙasar da ake yin siminti take, ko a kududdufin bayan gari da kwata ke zuba, da shakkata ta ninku. A irin waɗannan wurare, da ma sararin manyan madatsu kamar Gubi da Dadin Kowa, abin da aka fi sa ran gani shi ne su Scenedesmus da Pediastrum da wasu Closterium da Staurastrum masu juriya.

Abin da ka ɗebo ka raba shi uku. Kashi ɗaya ka bar shi da rai, kada ka cika kwalbar, kada ka toshe murfin, ka ajiye a inuwa mai sanyi ka duba shi a ranar ko washegari, domin siffar koren cikin ƙwaya a mai rai kaɗai ake ganin ta sosai. Kashi na biyu ka sa masa fomalin ya kai kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, shi ne na ajiya. Aidin na Lugol ma yana yi, ana ɗigawa har ruwan ya yi launin shayi marar madara, sai dai yana rufe cikin ƙwaya da duhu kuma yana kodewa a haske. Kashi na uku ka sa a giyar gwaji mai ƙarfi, wato ethanol, ko da wata rana za a nemi DNA, domin fomalin yana lalata shi. Kowace kwalba a rubuta mata kwanan wata da wuri da lambobin taswira daga waya, da fensir a kan takarda, tawadar biro tana narkewa.

Yanzu maganar awo, inda a ganina yawancin furojet ɗin ɗalibanmu ke faɗuwa. Ba a raɗa wa gansakuka suna ba tare da ma'auni ba. Akwai nau'o'in da zanensu kusan ɗaya ne, amma ɗaya tsawonta maikiromita 100 ne ɗayar kuma ta haura 250. Hoton da ka turo ba shi da ma'auni, don haka ko ƙwararren da ya fi kowa a duniya ba zai sa hannu a kansa ba. Ƙa'ida ita ce a sa ɗan gilashi mai layuka a madubin ido, a daidaita shi da gilashin awo wanda aka raba milimita 1 gida 100, kowane gida maikiromita 10. Na san ɗakunan gwaji da yawa ba su da shi, ko yana nan a kulle a durowar wani. Ga dabara: gilashin ƙirga ƙwayoyin jini na Neubauer, wanda ake samu a ɗakin gwajin asibiti da sashen nazarin ƙananan halittu, mafi ƙanƙantar murabba'insa na tsakiya kowane gefe maikiromita 50 ne. Ɗauki hotonsa da wayar nan taka, da madubin nan, ba tare da ka taɓa zuƙowar kyamara ba, sannan ka ɗauki gansakukar a daidai wannan saiti. Manhajar ImageJ kyauta ce, za ta mayar maka da hoton zuwa awo. Kowane madubi na ƙasa da nasa lissafin, na 10 dabam na 40 dabam. Ka yi aikin a ninki 400, ninki 100 na nema ne kawai.

Ka auna tsawo, da faɗi, da faɗin ƙugu, da faɗin reshen da ke can ƙololuwa, a ƙwayoyi aƙalla ashirin in sun samu, ka rubuta mafi ƙanƙanta da mafi girma. Ka lura ko tsagar tsakiya a rufe take ko a buɗe, sau nawa rassan gefe suka sake rabuwa, haƙori nawa ne a bakin kowanne, reshen ƙololuwa ya zarce sauran ko yana daidai da su, akwai ƙayoyi a fuskar bango ko babu.

Sannan ka juya ta. Desmid ba zane ba ce a takarda, tana da fuska da gefe da sama, kuma a jinsin Cosmarium da Staurastrum ganin sama shi ne rabin suna. Ko a Micrasterias akwai ƙulluttai da ƙayoyi a fuska da ba sa fitowa sai an kalle ta ta gefe. Yadda ake yi: ɗiga ɗan gilisarin a cikin ruwan don ya yi yauƙi, rufe da siririn gilashi, ido yana kan madubi, ka riƙa taɓa gefen murfin a hankali da bakin allura. Za ka ga ta mirgina ta tsaya a kan gefenta na ɗan lokaci, a nan ake ɗaukar hoto. Aiki ne mai cin rai, sau da yawa za ta ɓace maka gaba ɗaya, amma babu wata hanya. Kuma kada ka raina matattun ƙwayoyin da cikinsu ya zube suka zama fanko. Masu koyo sukan tsallake su suna neman masu kore, alhali a fankon ne adon bango ke fitowa ɓaro-ɓaro. In ba ka samu ba, ɗigon ruwan bilic da aka tsarma sosai yana wanke koren ya bar bangon. Ni dai ina sa ɗalibi ya zana da hannunsa ko da ya ɗauki hoto, domin mai zane dole ya ƙirga haƙora, mai hoto kuwa danna wa kawai yake yi.

Da waɗannan a hannu sai a je ga littafi, kuma nan ma akwai tarko. Sunayen desmid a hukumance suna farawa ne daga littafin John Ralfs na 1848 kan na Birtaniya, sannan manyan kundayen West da West da suka fito tsakanin 1904 da 1923, su ma na Birtaniya ne. Yawancin jagororin da ke ɗakunan karatunmu na Turai ne ko na Amurka. Ɗalibi zai buɗe, ya nemi zanen da ya fi kusa, ya kwafi sunan, na bayansa ya kwafa daga wurinsa, shekara goma sai ka ga jerin sunaye iri ɗaya a kowane dam na Arewa kamar ruwan duk ɗaya ne. Alhali na ƙasashe masu zafi suna da nasu. A 2010 masana a birnin Prague sun bincika DNA na Micrasterias crux-melitensis da Micrasterias radians, masu kama da juna ƙwarai, suka tarar na Turai reshe ne dabam, na gabashin Afirka dabam, na kudu maso gabashin Asiya dabam. Don haka ka nemi ayyukan da aka yi a nahiyarmu. Mafi kusa da mu shi ne na Pierre Compère kan gansakukar yankin tafkin Chadi, wanda ya fito kashi-kashi tsakanin 1974 da 1977, da Faransanci yake amma zane da awo ba su da yare. Ka haɗa da na Sudan ɗin nan na 1958, ka karanta ainihin bayanin da awon da suka bayar, ba hoton da wani ya liƙa wa suna ba. Kowane suna kuma ka duba shi a AlgaeBase, rumbun sunayen gansakuka da ke intanet, domin sunaye suna canzawa. Waɗannan biyun na Sudan ma an fitar da su daga Micrasterias zuwa wasu jinsunan. Desmodesmus an ware ta daga Scenedesmus a 1999, Pediastrum simplex da ke cikin kusan kowane furojet yanzu Monactinus simplex ce.

Kalmar nan ta cewa abu ba kasafai ake samun sa ba, ita ma a riƙe ta da hankali. A ƙasar da aka shafe sama da shekara 150 ana tace kowane kududdufi, idan aka ce nau'i yana da wuyar samu, maganar tana da nauyi. A wurinmu sau da yawa ma'anarta ita ce babu wanda ya duba. Ramukan kuza na Toro, da tafkin Maladumba a ƙasar Misau, da fadamun Gongola, da ƙoramun Yankari, duk wurare ne da ɗalibi mai haƙuri zai iya samun abin da ba a taɓa rubutawa daga jihar ba. Wannan shi ake kira sabon rahoto, kuma abin alfahari ne ga furojet na digirin farko. Sabon nau'i kuwa wani mataki ne dabam: sai an bayyana shi da Latin ko Ingilishi, an ajiye samfurin asali a sananniyar ma'ajiya, an wallafa bisa dokokin raɗa sunan tsirrai.

DNA ba zan ce ka sa rai da shi yanzu ba. Kafin a kai can sai an tsamo ƙwaya ɗaya da siririn bututun gilashi, an wanke ta a ɗigo bayan ɗigo, an raine ta ta yi yawa, ga zafin Maris da Afrilu da rashin wuta suna jiran ta. Ko an samu jerin rbcL ko ITS, sassan DNA da ake bambance nau'o'i da su, abin da za a gwada shi da shi daga Afirka ta Yamma kaɗan ne, kuma cikin abin da ke GenBank, rumbun jerin DNA na intanet, akwai masu sunan kuskure. Ka dai ajiye kashin nan na giya.

Ga yadda zan so in ga ka rubuta. Idan ka koma ka samu da yawa kuma rabinsu daidai yake, to ta farkon mai rabuwa ce, ka bi awo ka nemo sunan 'yan'uwanta. Idan jinsi kaɗai ka tabbatar, rubuta Micrasterias sp., ka sa hoto mai ma'auni da awo da pH na ruwan, babu malamin kirki da zai rage maka maki a kan haka. Idan ta yi kusa da wani nau'i amma wani abu bai zauna ba, sa cf. tsakanin sunan jinsi da na nau'i, ka faɗi abin da ya saɓa. Idan kuwa ka tarar da goma ko ashirin duk sun karkace iri ɗaya, bangon rabi biyun da kauri, to ka nuna wa malamin da ke duba aikinka tun kafin ka sa a Facebook, ku haɗa hotunan fuska da gefe da sama da teburin awo ku tura wa masanin desmid ya duba, ku kuma ba ma'ajiyar tsirrai ta sashenku kwalba ɗaya ta fomalin a ba ta lamba, lambar ce za ka ambata a rubutun.